Aiken da Yaya Ya Yi Mini Zuwa Ingila

Tun da na dawo daga Ingila ban huta da tambaya ba. In na je majalisarmu ta gindin darbejiya bayan la'asar, kafin in gyara zama wani ya ce, "Malam Isyaku, wai da gaske rana ba ta son faɗuwa a can?" Wani so yake ya ji ko na ga sarki. Garba tela ya fi kowa naci, shi damuwarsa ɗaya, ko Turawa suna ƙoshi da abin da suke ci. Na ba da labarin gutsi-gutsi har na fara saɓa wa kaina, shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya in huta. Sai dai zan fara da abin da ban faɗa a majalisa ba. Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, aikena aka yi.

Kowa a ƙauyenmu ya san ni da tarihi. Shi na koyar a sakandare har na yi ritaya, kuma tun muna kwalejin horon malamai tarihin Ingila ya shiga raina, musamman zamanin sarauniyar nan da ta daɗe bisa mulki ba ta yi aure ba, da manyan fadawanta, da jakadun da sarakuna ke turo mata. Ɗalibaina har cewa suke na fi sanin gidajen mutanen nan fiye da lungunan Ɗanbatta. Akwai gaskiya a ciki.

Yayana Alhaji Hamisu, uwa ɗaya uba ɗaya, manomi ne na gero da gyaɗa, kuma mutum ne da ban taɓa jin ya ce wash ba. Ɗansa Nasiru ya sami tallafin karatu ya tafi Ingila. Yana shekarar ƙarshe, saura wata biyu ya zauna jarrabawa, Allah ya yi wa mahaifiyarsa Hajiya Binta rasuwa. Yaya ya tara mu a zaure ya ce kada wanda ya gaya wa yaron sai ya gama. Ba mugunta ba ce, haka muka tarar ana yi, ana tausaya wa na nesa. In Nasiru ya bugo waya sai a ce ta je biki, ko ta shiga maƙwabta. Wata rana ni na ɗauka, na ce masa tana barci. A ƙarshe saƙon ta'aziyya ya gani a wayarsa daga wani abokinsa na firamare. Ya gama jarrabawarsa, ya sami aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, shekara tara ke nan bai sake taka ƙasar nan ba. Yana kiran ƙannensa mata. Ubansa kuwa sai da Sallah, gaisuwar da ba ta wuce minti ɗaya.

Bara bayan an kai amfanin gona gida, Yaya ya yanke jiki ya faɗi a masussuka, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Magana ta dawo, ƙafa ba ta dawo ba, likita kuma ya ja ni gefe ya ce zuciyar ma ta gaji. Yaya ya sake kafa dokar da ya kafa a da, kada Nasiru ya ji. Da damina ta kama sai ya sa aka kira ni.

Ya ce, "Yaron nan ya daɗe yana cewa ka je ka ga gidajen nan naka na littafi. Ka amsa masa. In ka je ka ce ya zo gida."

Na ce, "In ya tambaye ni me ya faru fa, Yaya?"

"Ka ce ba komai. Ba na son ya zo don ya ji ina kwance. In zai zo, ya zo don ni ne ubansa."

Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga hannun da ke motsi. "Na gama, Isyaku." Na kai shekara sittin da ɗaya, amma in ya faɗi haka har yau shiru nake yi.

Na bar gida an gama noman farko, gero ya kai gwiwa. Ƙannen Nasiru suka cika mini jaka da kuka da daddawa da yaji da ƙuli-ƙuli da kilishi, har sai da na cire takalmi ɗaya da babbar riga don a sami wuri. Motar Ɗanbatta zuwa Kano ta tsaya sau biyu, sau ɗaya don taya, sau ɗaya don direba ya ga surukinsa a bakin titi. A Alƙahira muka canza jirgi, na yi awa shida a kan kujerar ƙarfe ina kallon mutane suna wucewa, ba wanda ya ce mini sannu. A nan na fara jin abin da zai bi ni har ƙarshen tafiyar, wato mutum ya kasance cikin dubban jama'a amma ba mai sanin sunan ubansa.

A Landan wata matashiya mai ɗankwali ce ke duba fasfo. Ta tambaye ni abin da ya kawo ni, na ce na zo ganin tsofaffin gidaje. Ta dube ni, ta dubi hulata, ta yi murmushi ta miƙo mini fasfona. Na yi mamakin yadda maganar ta fita sumul daga bakina. A wajen kwastan na nuna musu abincin da na riƙo. Kilishi dai ba ya shiga ƙasarsu, ina ji ina gani aka jefa shi a kwandon shara. Jami'in ya kwance ƙullin daddawa, ya kai hanci, ya ja da baya, ya tambaye ni cikin ladabi ko ta lalace ne a hanya. Na ce masa a'a, haka Allah ya yi ta. Ya ɗaure mini da sauri ya ce in wuce.

Nasiru na tsaye a wajen fita. Yaron da na sani siriri mai dariya ya zama magidanci, har da furfura biyu-uku a gemu. A gaban Turawan nan ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, na ji idona ya kawo ruwa. A mota ya tambayi kowa da sunansa, har da makahon ladanin masallacinmu. Can ƙarshe, idonsa na kan titi, ya ce, "Yaya Baba?"

Na ce, "Yana gaishe ka."

Ya ce, "Ina amsawa." Ya ƙara wa rediyo murya.

Garin da yake zaune yana tsakiyar ƙasar, tafiyar awa biyu da wani abu. Gidansa a hawa na uku yake, falo da ɗaki biyu, shi kaɗai. Babu zaure, babu tsakar gida, in ka buɗe ƙofa sai ka gan ka a kan kujerar maigida. Washegari da safe na ce bari in yi abin da baƙo ke yi, na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci don mu gaisa. Wani dattijo ya buɗe kaɗan, sarƙa na maƙale, ya tambaye ni ko ruwa ne ke zuba daga wajenmu. Na ce a'a, gaisuwa ce kawai. Ya tsaya yana jiran sauran maganar. Da ya ga babu, ya ce ya gode, ya rufe. Nasiru ya ce shekara huɗu suna ƙofa da ƙofa, bai san sunansa ba.

Yanzu ga inda na cuci kaina. A wajenmu ɗan aike ba ya sauke saƙo yana tsaye. Ana ba shi ruwa, ya ci abinci, ya huta, sannan maigida ya dube shi ya ce, "To, Allah dai ya sa lafiya?" Wannan tambayar ita ce ƙofar. Ni kuma baffansa ne, bai dace in fara roƙonsa ba tun bai tambaya ba. Don haka na ci, na sha, na huta, na zauna jiran tambaya. Maimakon ita sai Nasiru ya fito da takarda a buge, kwana goma sha biyu an jera su, kowace rana da gidan da zan je, da jirgin ƙasan da zan hau, da tikiti. Ya ce bai sami hutu ba sai kwana biyun ƙarshe, amma ya tsara komai yadda ba zan ɓata ba. Na ce na zo ganin gidaje, shi kuma ya ɗauke ni a kan maganata.

Gidan farko na dutse ne, tagogi sun kusa fin bango yawa. Da na isa ƙofar sai da na yi sallama, bakina ya riga ni. Na tambayi matar da ke karɓar tikiti ko zan iya gaida masu gidan kafin in shiga, don a ganina bai kamata a zaga gidan mutum har ɗakin kwanansa ba a gaishe shi ba. Ta yi dariya, ba ta raini ba, ta ce zuriyar sun daɗe da barin gidan, kula da shi ya fi ƙarfinsu. Ɗakuna ba iyaka, amma ba kukan yaro, ba hayaƙin girki, ba ko takalmi a bakin ƙofa. Na tuna gidanmu, inda mutum ashirin da wani abu ke raba ɗaki tara, kuma in ka yi atishawa mutum biyar su amsa maka.

A saman bene akwai wani ɗaki siriri mai tsawon gaske, wanda suka gina don in ana ruwa su riƙa kai da komo a ciki, hotunan kakanninsu na kallonsu daga bango. Na kai ƙarshensa ƙafata ta gaji, na ga wata kujera mai laushi na zauna. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ashe a kan kowace tsohuwar kujera suna ajiye wani busasshen kan ƙaya, kamar ƙarangiya amma ya kai ƙwan kaza, don kada a zauna. Ba sa son rubuta "kada a zauna", sun fi son ƙaya ta yi musu bayani. Wani ma'aikaci ya taho yana ta ba ni haƙuri, amma na lura kujerar ya fara dubawa.

Abinci kuwa, Garba tela, ga amsarka. A gidan shayin wurin na tambayi wanda babu alade a ciki, aka ba ni dankalin Turawa guda ɗaya, gasasshe, an tsaga shi an zuba wake mai zaƙi. Na ci don kada in faɗi. Na yi azahar a bayan wata bishiya a lambun, wani kare ya zo ya tsaya yana kallona har na sallame, uwargijiyarsa na nesa tana kiransa da murya ƙasa-ƙasa. A ranar, in ka cire mai tikiti da mai duba kujera, karen nan ne ya fi kowa daɗewa tare da ni.

Da yamma Nasiru kan dawo a gajiye. Rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, mu ci abinci gari da haske tar. A rana ta uku ya tuƙa tuwon shinkafa, ya kaɗa miyar kukar da na kawo. Ya kai loma biyu ya tsaya, ya ce, "Daddawar nan irin ta Inna ce." Na ce ƙanwarsa Rabi ce ta yi, a wajenta ta koya. Na san ƙofa ce ta buɗe, amma ba wadda nake jira ba, kuma a bayanta ni ne tsaye da waya a hannu ina cewa tana barci. Na sunkuyar da kai na ci gaba da cin tuwo, shi kuma ya tashi ya kunna talabijin.

Gida na huɗu shi ne ya riƙe ni. Yana kusa, bas ɗaya ake hawa. A can na haɗu da Doris, wata tsohuwa mai sanda, tana cikin masu aikin sa kai da ke zagayawa da baƙi. Ranar ana yayyafi, ni kaɗai ne baƙonta. Ta kai ni hawa na biyu ta nuna mini ɗakuna a jere, ƙofa na kallon ƙofa, kowanne ya fi na gabansa ƙanƙanta. Ta ce a wancan zamanin darajar baƙo ita ce yawan ƙofofin da aka buɗe masa. Talaka ya tsaya a babban ɗakin ƙasa. Mai muƙami ya hau bene. Jakadan sarki a shigar da shi ɗaki na gaba, kuma in ya koma masauki zai rubuta wa sarkinsa wanda ya taryo shi, da inda aka taryo shi, da ko an ba shi kujera ko an bar shi tsaye. Ƙaramin ɗakin can ƙurya kuwa sai wanda aka yarda da shi ƙwarai.

Na ce mata ai mu ma haka gidajenmu suke. Akwai zaure, inda kowa ke tsayawa, sai soro na biyu, sai tsakar gida, sai turakar maigida, kuma mutum yakan shekara talatin yana abota da kai bai wuce zaure ba. Ta tafa hannu don murna, ta sa na zana mata a bayan tikitina.

A ɗaki na kusa da ƙarshe akwai wani gado mai rumfa, labulensa duk aikin zare ne mai ruwan zinare. Doris ta ce sarauniyar nan da ba ta yi aure ba takan fita rangadi da bazara da ayarin kekunan doki, ta sauka a gidajen manyanta, kuma wanda ta kwana a gidansa ya sami ɗaukakar da jikokinsa za su ci. Mai wannan gidan ya gina ɓangaren nan gaba ɗaya saboda ita. Ya yi ta jira shekara da shekaru, ba ta zo ba, har ya mutu. Ba a taɓa kwana a kan gadon ba.

Na ce, "To shi bai aika ya ce ta zo ba?"

Ta ce, "Ba a ce wa sarauniya ta zo. Gida ake ginawa, a bar labari ya kai mata."

Na karanta irin wannan a littafi, har na koyar da shi ina ba yara dariya. Ranar ban yi dariya ba. Na tsaya gaban gadon ina tunanin Yaya a kan tasa katifar, fuskarsa na kallon ƙofa.

Na ajiye takardar Nasiru na koma gidan nan sau biyu, ban gaya masa ba. A zuwa na biyu Doris ta ɗauko wani littafi daga shagonsu ta ce, "Zo ka ga ɗan'uwanka." Hoton wani jakada ne Musulmi da sarkin Maroko ya turo wa sarauniyar, da farin rawani da baƙar alkyabba da takobi. Ta ce a fili maganar ciniki ta kawo shi, amma ainihin saƙon na ɓoye ne, ƙawance ake nema a kan wani maƙiyi nasu su biyun. Ya yi watanni a Landan, ya koma ba tare da abin da aka aike shi ya samo ba. Na daɗe ina kallon idonsa. Na yi ta tunanin inda yake salla, da wanda yake hira da shi in ya gaji da Turanci da murmushin dole. Ban taɓa jin kusanci da mutumin da ya mutu shekaru ɗaruruwa da suka wuce kamar yadda na ji da shi ba.

A zuwa na uku ta ja ni gidan shayi, ta zuba mini da hannunta, ta ce, "Malam, ba wanda ke zuwa kallon gado ɗaya sau uku. Me ya kawo ka ƙasar nan?"

Kwana tara ina jiran tambayar nan, sai ga ta daga bakin tsohuwar Baturiya. Na kwashe komai na faɗa mata, har da maganar barci, abin da ko matata ban taɓa zama na faɗa wa ba. Ba ta ba ni shawara ba. Ta juya cokali a kofi ta ce ɗanta ɗaya, yana Ostareliya, yana kiranta duk Lahadi. Shekara biyu da suka wuce ta faɗi a banɗaki ta karya ƙugu, ta yi wata guda a asibiti, ba ta gaya masa ba.

Na ce, "Don me?"

Ta ce, "Da na faɗa da ya taho, ga aiki ga yara." Ta ɗan yi dariya. "Sai kuma na kwanta ina jin haushinsa don bai zo ba."

A bas ɗin komawa na yi ta juya maganar. Da ina zaton ɓoye ciwo halinmu ne mu kaɗai. Na ga cewa Yaya ya ɗora wa yaron jarrabawar da bai san ana yi masa ba, kuma in ya faɗi, ba za a sake ba shi wata ba. Ni kuma an aiko ni in tsaya in kalla.

Ranar hutunsa ta farko Nasiru ya kai ni gida na ƙarshe a motarsa. Ban iya tuna komai na cikin gidan ba. Bayan azahar muka zauna a kan benci a lambu, na ajiye girma gefe na ce, "Nasiru, har yau ba ka tambaye ni abin da ya kawo ni ba."

Ya ce, "Baffa, ai gidaje ka zo gani."

"Kai ma ka san ba su ba ne."

Ya daɗe yana murza makullin mota a hannunsa. Ya ce, "Na sani tun a filin jirgi. To in na tambaya me za ka ce mini? Lafiya lau. Kullum a gidan nan lafiya lau ake. Ranar ma da na kira ina neman Inna, kai ka ɗauka."

Na ce, "Ni ne. Na ce maka tana barci, alhali kwananta goma sha tara a ƙasa. Ba ranar da ba na tunawa. Ka yafe mini, Nasiru."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Na ci gaba tun ƙarfin halina bai ƙare ba. Na ce saƙon ubansa shi ne ya zo gida, iyakar abin da aka ba ni izinin faɗa ke nan, sauran kuma an hana ni, amma zan faɗa. Na gaya masa faɗuwar masussuka, da ƙafar, da abin da likita ya ce game da zuciya. Nan take ma'aikacin asibiti ya fito a jikinsa, wane ɓari ne, wane magani yake sha, yana haɗiyar abinci. Sannan ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Wata takwas."

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Wata takwas. Na gaishe shi da ƙaramar Sallah, na gaishe shi da babba. Rabi ma muna waya duk sati." Ya tashi ya bi wata hanya tsakanin itatuwa. Na zauna ni kaɗai fiye da awa guda, yayyafi na sauka a kan hulata, ban san ko na gyara ba ko na ƙarasa ɓatawa. Ban taɓa jin kewar gida irin ta wannan zaman ba.

Har muka koma bai yi magana ba, washegari ma sai abin da ba a rasa ba. A filin jirgi, bayan an auna jakata, ya durƙusa ya yi mini sallama, sannan ya miƙe ya ce, "Baffa, ni da kai ya wuce, Allah ya yafe mana. Ka ce wa Baba zan kira shi ranar Juma'a. Zan tambaye shi jikinsa. In ya ce mini lafiya lau, wallahi ba zan sake kira ba, kuma ba zan zo ba."

Da wannan na dawo. Na sauka ƙauye gero ya fara fitar da kai. Ko wanka ban yi ba na shiga wajen Yaya, na zauna a ƙasa na ce, "Yaya, na isar da saƙonka, kuma na karya dokarka. Na gaya masa kana kwance." Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya juya fuskarsa bango. Na ce yaron zai kira ranar Juma'a. Sharaɗin kuwa ban faɗa masa ba. Na san halin Yaya, in ya ji ɗansa ya gindaya masa sharaɗi, to lafiya lau ɗin zai faɗa, ya kuma maimaita. Kwana huɗu ina zuwa gaishe shi yana amsawa da ka.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci wayar ta shigo. Na buɗe muryar na riƙe masa kusa da baki. Suka yi sallama, suka gaisa irin tasu ta Sallah, yaya aiki, yaya damina. Sai Nasiru ya ce, "Baba, yaya jikinka?"

Yaya ya buɗe baki, na ga amsar da ya saba bayarwa tun yana saurayi ta taho. Ya ce, "Lafi—" sai ya tsaya. Ya dubi ƙafarsa a ƙarƙashin mayafi, ya dube ni. Ina jin numfashin yaron ta cikin wayar.

Ya ce, "Babu daɗi, Nasiru. Ƙafar ta ƙi. Bana ko gonar bakin rafi ban taka ba, sai dai a zo a ba ni labari."

Tun da na yi wayo nake ƙaninsa, ban taɓa jin ya faɗa wa wani mahaluki irin wannan ba. Sannan muryar Nasiru ta dawo.

"Baba, yaushe geron zai isa girbi?"

Ɗan manomi ne, ya san lokacin girbi tun kafin ya iya karatu, Yaya ma ya san ya sani. Amma ya gyara murya ya fara lissafa masa a hankali, in ruwa ya ɗore, sati kaza na tudu zai nuna, na bakin rafi ya biyo baya. Na ajiye wayar a kan filo kusa da kunnensa, na sake musu labule, na fito.